A Ceci Kaset-kaset ɗin Bidiyon Gidajenmu Tun Na'urar Tana da Rai

A ƙarshen daminar da ta wuce, ana gyaran ɗakin marigayiya kakata a gidan kakannina na wajen uwa da ke Ƙofar Kwaya, aka jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin gado. Kaset-kaset ɗin bidiyo ne guda 14, an rubuta a jikin wasu da biro: "Bikin Gwaggo 1994", "Saukar karatu", "Hawan Sallah". Gara ta ci gindin kwalin, uku daga cikinsu kuma sun yi fari fat da fumfuna. Shawarar farko da aka kawo ita ce a kai su bola, na roƙi a bar mini. Sai da na yi mako uku ina zagaya shagunan masu gyaran rediyo da talabijin kafin na sami na'urar bidiyo mai aiki. A daren da aka kunna kaset na farko, mahaifiyata ta ji muryar mahaifinta, wanda ya rasu tun ina firamare, yana yi wa amarya nasiha a zaure.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, irin waɗannan kaset-kaset taska ce ta nazarin Hausa, kuma ceto su aiki ne da unguwa guda za ta iya ɗaukar nauyinsa da kuɗi kaɗan, muddin aka fara yanzu.

Masu nazari sun daɗe da mayar da hankali kan finafinan kasuwa. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, an yi rubuce-rubuce masu yawa, musamman ayyukan Farfesa Abdalla Uba Adamu. Amma kyamarar da ta ɗauki finafinan ita ce irin wadda ta shiga gidajen biki da suna da naɗin sarauta, kuma abin da ta ɗauka a can ba a tsara shi ba. A kaset ɗinmu na 1994 ana jin Katsinanci yadda tsofaffi ke yin sa, "zamna" da "ɗiya" da "mashi", ba tare da kowa ya gyara harshe don mai bincike ba. Ana ganin yadda aka yi kamu da jere, da ɗaurin kallabin zamanin, da kwanukan da aka shirya a ɗakin amarya, da maroƙa da masu kalangu waɗanda babu gidan rediyon da ya taɓa naɗar muryarsu. Kaset ɗin hawan Sallah kuwa na zamanin Sarki Muhammadu Kabir Usman ne, wanda ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008, kuma bayan dawakai ana hangen gine-ginen ƙasa da tuni an rushe su. Ɗalibanmu suna rubuta kundin digiri a kan sauye-sauyen auren Hausawa ta hanyar tambayar dattawa abin da suka tuna, alhali shaidar gani da ido tana ruɓewa a ƙarƙashin gado.

Dalilin gaggawa iri biyu ne. Na farko, zaren kaset leda ce siririya da aka shafe da garin maganaɗisu, kuma abin da ke riƙe garin yana shan laima yana lalacewa. Zafin bazara a ɗakin kwano, laimar damina da ƙurar hunturu duk suna rage masa kwana. Na biyu, kuma shi ya fi tsanani, shi ne na'urar kunnawa. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin VHS a 1976, kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗin cewa wajen shekarar 2025 samun na'urorin kunna zaren maganaɗisu da kayan gyaransu zai yi matuƙar wuya. Duk na'urar da ta rage a Katsina tsohuwa ce, masu iya gyara ta ma suna tsufa, yaransu kuma gyaran wayar hannu suke koyo. Ke nan ko kaset ya tsira daga gara da fumfuna, ranar da na'urar ƙarshe ta mutu ya zama kurman baƙo.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar bidiyo mai lafiya, kwamfutar tafi-da-gidanka ko da tsohuwa ce, da wata 'yar na'ura mai kama da filas wadda ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, ta shigar da hoto da sauti cikin kwamfuta. Kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Manhajar naɗa, irin su OBS Studio, kyauta ce, sai dai a saita ta a kan tsarin PAL da talabijin ɗin Nijeriya ke amfani da shi. Abin da aikin ya fi ci shi ne lokaci, domin kaset mai awa uku sai an zauna masa awa uku cur. Saboda haka ana bukatar wuta mai ɗorewa, ta sola ko ta batir, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan sa na'ura ta tauna zare. Kafin a saka kaset a ɓalle ɗan harshen da ke gefensa don kada a naɗi wani abu a kansa bisa kuskure. Mai fumfuna a ware shi, sai gwani ya share, in ba haka ba zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa sauran.

Bayan an kwafa, a ajiye kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya a wani gida dabam. Kada a dogara da faifan sidi, yana karcewa yana mutuwa, kada kuma a ɗauki abin da aka tura ta WhatsApp a matsayin asali, don manhajar tana matse hoton ta rage ingancinsa. Tsohon kaset ɗin ma a adana shi a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima. Na san wani maƙwabci da ya kai nasa wani shago, aka kunna a talabijin aka ɗauka da waya, shi kuma ya zubar da kaset ɗin. Yanzu abin da ke hannunsa hoto ne mai rawa da kukan janareto.

Gida ɗaya ba ya bukatar sayen duk waɗannan kaya don kaset goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu mutane ne da suka san adashe da aikin gayya. Ƙungiyar unguwa ko zumuncin dangi za su iya haɗa kuɗi su tanadi na'ura biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ciro kayan gyara, su ɗora wa matasa biyu amintattu, mace da namiji, ana bin gida-gida.

Akwai masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, wato 'yar na'urar mai araha ba ta fitar da hoto kamar kayan ƙwararru. Gaskiya ne. Amma a nan da babu gara ba daɗi, kuma tunda ba a zubar da asalin ba, duk ranar da aka sami kayan da suka fi sai a sake kwafa. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: kaset ɗin biki cike yake da matan aure a cikin gida, babu mayafi, wasu suna rawa, an kuma ɗauke su ne don kallon dangi. Fayil kuwa da zarar ya shiga waya ba shi da linzami. Wannan tsoro yana da hujja, kuma shi ya sa nake ganin a yi aikin a cikin gida, gaban masu shi, mace ta kwafi abin da ya shafi mata, a goge komai daga kwamfutar aiki bayan an miƙa. Iyali ne za su yanke abin da zai fita da abin da zai tsaya a gida, mai bincike kuma ya nemi izini a rubuce.

Akwai wani ɓangare da ba ya cin ko sisi, kuma shi aka fi mantawa. Hoton da ba a san su wane ne a ciki ba rabin shaida ne. Lokacin da muke kallon namu, wata gwaggona ce kaɗai ta iya gane mutane fiye da ashirin, ta faɗi sunan mai kalangun da unguwarsu. Sai a zaunar da dattawa, a ɗauki littafi a rubuta shekara da wuri da sunaye, a ajiye tare da fayil ɗin.

A nan sassan Hausa da na tarihi, musamman a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, suke da rawar takawa. Na'ura biyu da kwamfuta ɗaya a ɗan ƙaramin ɗaki sun isa a koya wa ɗalibai aikin, a kuma karɓi kwafin abin da iyalai suka yarda a ajiye, kamar hawan Sallah da naɗin sarauta da wasan makaɗa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina za su iya zama ma'ajiya ta biyu. Magabatanmu sun ceci rubutattun littattafan ajami da na Larabci ne ta hanyar kwafa da hannu kafin takarda ta mutu, kuma aikin da ke gabanmu ɗan'uwan wancan ne.

Daga cikin kaset 14 na gidanmu, 11 sun kwafu lafiya. Ukun nan masu fumfuna suna nan a leda, ina neman mai iya share su, kuma a jikin ɗaya an rubuta "Suna", da shekarar da aka haife ni.