Kek Ɗin Aure: A Ba Matan Ikilisiya Aikin

Da zarar an fita azumin kwana 40 an yi Ista, ɗaurin aure yakan kankama a ikilisiyoyinmu na Wurogauri da kewayen Gwandu da Kalgo. Tare da shi wata hidima ta shigo wadda kakanninmu ba su sani ba, wato kek mai hawa uku ko huɗu. Yanzu 'yan matanmu sukan nuna hoto a waya su ce irin wannan suke so, wanda aka ƙawata da abarba da kwakwa da mangwaro, wai shi ne na ƙasashen zafi. To, mu ina muke zaune in ba ƙasar zafi ba?

Ba mu ce kek zunubi ne ba. Al'adar Turawan Ingila ce, farin sukarin da ake lulluɓe shi da shi kuwa ya yi suna tun auren Sarauniya Biktoriya a 1840. Abin da ya dame mu shi ne bashi. Saurayi manomi ya gama da sadaki da lefe, sai a ce ya aika Birnin Kebbi a yo masa kek da kuɗin da ya ajiye don taki. Sau da yawa ma wasu hawan soso ne aka shafe da sukari, ba a cin su. Saboda tsoron irin waɗannan hidimomi wasu suna ta ɗaga aurensu, har a wayi gari suna zaune tare ba albarkar ikilisiya, maganar kuma ta ƙare a gaban dattawa.

Alhali a cikin Zumuntar Mata akwai masu hannu. Ba su jiran wutar lantarki. Babbar tukunya ce, a zuba yashi mai tsabta a gindinta, a ɗora a kan gawayi ta yi zafi, a sa kwanon ƙullun a kan yashin, a rufe, a zuba ɗan garwashi a bisa murfi. Mai haƙuri da ba ta yawan buɗe murfi, kek ɗinta ba ya faɗawa.

Sun kuma san abin da mai hoton waya bai sani ba. A watan Afrilu zafin Kebbi yakan haura digiri 40. Adon bota da sukari narkewa yake yi tun kafin fasto ya gama wa'azi, balle a ɗauko shi daga birni a bayan babur. Wanda ke jure ranarmu shi ne na farin ƙwai da garin sukari da ɗigon lemun tsami, domin bushewa yake yi ya yi tauri. Ɗanyar abarba ko mangwaro a cikin ƙullu tana jiƙa shi, ya yi tsami da wuri, sai an dafa ta da sukari ta yi kauri tukuna. Kwakwa a kankare ta, a gasa ta sama-sama, a barbaɗa. Dabino a yayyanka a zuba ciki, ya rage sukarin da za a saya. Mangwaro kuwa lokacinsa ne, a yanka shi a jera a faranti gefen kek da safiyar bikin, kowane yaro ya samu.

Saboda haka muna roƙon masu koyar da shirin aure su riƙa tayar da wannan magana tun kafin a fara shelar auren a majami'a. Hawa ɗaya ko biyu ya isa, dukansa na ci. A ba 'yar'uwa aikin mako biyu kafin ranar, a saya mata fulawa da ƙwai da gawayi, a kuma biya ta ladan aikinta kamar yadda za a biya ta birni. Kada don tana zama kusa da mu a benci a sallame ta da "Allah ya sa albarka" kawai.