Ziyarar Buɗe Ido Muke So, Ba Tseren Mota Ba

Duk lokacin da maganar ziyarar buɗe ido ta taso a tsakaninmu, jadawali iri ɗaya ake kawowa: yau a kwana Zariya, gobe Bauchi, jibi a juyo Kano, gata a miƙa Katsina, a ƙarasa Sakkwato, wai kada kuɗinmu ya tafi a banza. Mu kam ba mu yarda da wannan tsari ba. Abin da muke kira a kai shi ne a zaɓi gari ɗaya a yada zango, kullum a yi sammako a fita, a dawo masauki ɗaya kafin magariba.

Mu fara da lissafi, don masu son kwana a gari biyar ba sa son a yi shi. Daga Kano zuwa Bauchi wajen kilomita 300 ne. Daga Kano zuwa Sakkwato ya haura 500. A bas ɗin shata mai ɗauke da mutum goma sha takwas, ga tsayawa shan mai, ga sallah, ga shingayen jami'an tsaro, wannan tafiyar yini ce cur. A isa gari da la'asar sakaliya, a shiga neman ɗaki da cinikin kuɗinsa, a sauke jakunkuna, da asuba a sake lodi. To yaushe aka ga garin? Abin da ake dawowa da shi hoto ne a bakin ƙofar gidan tarihi bayan an tashi aiki, sai ciwon baya. Kuma da zarar taya ta fashe ko direba ya makara, dare ya riski mutane a hanya. Kowa ya san halin da hanyoyin Arewa suke ciki a shekarun nan. Duk jadawalin da zai tilasta mana tafiyar dare domin cim ma ɗakin da aka riga aka biya a wani gari, wasa yake da rayukan mutane.

Yanzu a kwatanta da wanda ya sauka a Kano na kwana biyar. Zariya, Katsina, Daura da Birnin Kudu, babu wanda ya kai kilomita 200 daga Kano. Ran Daura a bi ta Dambatta da Kazaure, a je rijiyar Kusugu, a tsaya a ji yadda masu kula da ita suke ba da labarin Bayajida da bakinsu. Ran Katsina ga Hasumiyar Gobarau, ga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka mayar gidan tarihi. Ran Birnin Kudu a bi ta Wudil, a je a ga zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu. Zariya kuwa, ga marubucin Hausa, kusan ziyarar gida ce. A can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, a can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma a cikin birni akwai masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Wannan ba wurin da za a leƙa cikin minti ashirin ba ne ana yi wa mutum hon a waje.

Wani amfanin zango ɗaya da ba a cika lura da shi ba shi ne ranar kasuwa. Kasuwar Wudil ran Juma'a take ci, ta Dambatta ran Lahadi. Wanda ke zaune wuri ɗaya yana iya juya ranakunsa su dace da kasuwa, ko ya ɗaga fita idan hadari ya haɗo, ko idan an ce hanya kaza ba lafiya yau. Mai kwana a gari biyar ba shi da wannan dama, ɗakin da ya biya ne yake jan sa. Kuma marubucin da yake son ya rubuta dillalin shanu, ai sai ya tsaya a kara ya ji yadda ake taya da sallamawa. Ba a koyon wannan ta tagar mota.

Amma babbar hujjarmu ita ce dare. Mu ba 'yan yawon shan iska ba ne kawai, rubutu ya fitar da mu. Abin da ido ya gani da rana, in ba a zauna an rubuta shi a daren ba, kwana uku ya isa ya cakuɗe: ka rasa ko a Daura ka ga tsohon nan mai saƙar hula ko a Katsina. Idan masauki ɗaya ne, bayan isha'i sai a baje tabarma, kowa ya karanta shafi ɗaya na abin da ya rubuta, a yi masa gyara. Washegari ya fita da idon da ya fi na jiya. Ga kuma sabo: mai shayin bakin layi da ya gan ka kwana huɗu a jere zai saki jiki ya ba ka labarin da ba zai taɓa ba baƙon dare ɗaya ba. Muna yawan ambaton Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin tafiyarsa Ingila a 1943, mu manta cewa ba yawan garuruwa ne ya sa ake karanta labarin tafiya ba, lura ce da natsuwar mai ba da labarin.

Sai maganar 'yan'uwanmu mata, waɗanda su ne ke riƙe da kaso mai tsoka na rubutun ƙagaggun labarai a yau, amma in an tashi ziyara sai a ga kujerunsu wayam. Uba ko miji zai fi saurin amincewa idan aka ce masa ga masauki kaza a unguwa kaza, nan za a kwana har a dawo, fiye da a ce masa kowane dare sai inda Allah ya kai mu. Mai goyo ma za ta iya hutawa yini guda a masauki ba tare da an bar ta a baya ba.

Za a ce Kano akwai tsada da cunkoso. Gaskiya ne. Amma mai masauki ya fi yin ragi ga waɗanda suka kama ɗakuna na kwana biyar, kuma kuɗin man da ake ƙonawa tsakanin Bauchi da Sakkwato ya isa ya cike gibin. Cunkoso kuwa maganinsa sammako, da zaɓen masaukin da ba a tsakiyar kasuwa yake ba. Za a kuma ce 'yan Kano sun gaji da ganin Kano. To a tambayi da yawansu yaushe rabonsu da hawa Dala, ko shiga Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko gidan Malam Aminu Kano na Mambayya. Ranar hutu ɗaya a tsakiya ta ishe su wannan.

Kuma kada a ɗauka kamfe muke yi wa Kano. In Daular Usmaniyya muke son gani, a sauka a Sakkwato: Hubbaren Shehu yana cikin gari, Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake ba nisa, Argungu da gidan tarihin Kanta tafiyar je-ka-dawo ce, bayan an tambayi mutanen gari lafiyar kowace hanya. Amma wannan ziyara ce daban, ta wata shekarar. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a zaɓi zango don garin shugaba ne, ko don wani yana da ƙawu mai gidan saukar baƙi. Ma'aunin ɗaya ne: wurare nawa za a iya zuwa daga nan cikin awa biyu zuwa uku, a yini, a dawo da sauran rana?

Don haka duk wanda zai kawo jadawali a zama na gaba, ya rubuta awannin mota a gefen kowace rana, da lokacin da yake sa ran za a iso masauki. In akwai ranar da ta wuce ƙarfe shida na yamma, a soke ta tun a takarda.