Waiwaye Adon Tafiya: Abin da Shekarar 2020 Ta Bar Mana

Al'adar jaridu ce idan shekara ta ƙare su jero abubuwan da suka faru a cikinta. Mu ma za mu waiwayi 2020, amma da idon malami, wanda ba ya rufe rajista sai ya ƙirga waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba.

A ƙarshen watan Maris aka rufe makarantu saboda annobar korona. Mun sallami yara muna zaton hutun wata guda ne, sai ga shi zangon karatu ya wuce allo na shan ƙura. Jarrabawar WAEC, wadda aka saba yi kafin damina ta yi nisa, sai 17 ga Agusta aka fara ta. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki tun daga Maris har zuwa 23 ga Disamba. Duk mai zaune a Dutsin-Ma ya ga yadda rashin ɗaliban Jami'ar Tarayya ya taɓa mai shago da mai abinci da ɗan acaɓa. Maniyyatanmu ba su sauke farali ba, domin Saudiyya ta taƙaita Hajji ga mazauna ƙasarta. Arewa ta yi rashin Sarkin Zazzau Shehu Idris a Satumba, da tsohon gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, Balarabe Musa, a Nuwamba. Allah ya jiƙansu.

Sai dai ciwon da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba korona ba ce. A ranar 18 ga Afrilu 'yan bindiga suka kai hari ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 47. A daren 11 ga Disamba kuma aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗaruruwan yara cikin daji da ƙafa. An sako 344 a ranar 17 ga wata, mun gode wa Allah. Amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, kuma uwar da ta yi kwana shida ba barci ba za ta sake ɗaure wa ɗanta akwati da sakin zuciya ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsakanin Ƙanƙara da Kurfi ba wata tazara ba ce.

Da ajujuwa suka kasance a kulle, wani malamin ne ya karɓi yaranmu. A shekarar ce fina-finai masu dogon zango suka mamaye gidaje: Labarina na Aminu Saira a tashar Arewa24, da Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube. Waƙar Hamisu Breaker kuwa har matan aure ta sa rawa a gaban mazajensu, aka yi ta muhawara a kai. Ba mu zo yanke wa masu wannan sana'a hukunci ba. Abin lura shi ne, yaron da muke cewa ba ya riƙe karatu yana iya kawo maka labarin fim kashi-kashi, da sunan kowane ɗan wasa, ba tuntuɓe. Ashe ƙwaƙwalwar lafiyarta lau. Ya rage namu mu tambayi kanmu yadda muke gabatar da darasi, ya kuma rage na iyaye su san abin da wayar gida ke koyarwa bayan sallar isha'i.

A fagen ƙwallo, an dakatar da gasar ƙasa a Maris, filin wasa na Muhammadu Dikko ya yi tsit. Magoya bayan Liverpool sun ga kofin Firimiya bayan jiran shekara 30, Bayern Munich ta ɗauki kofin zakarun Turai a filin da ba 'yan kallo, Maradona kuma ya mutu a 25 ga Nuwamba. Amma wasan da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe shi ne na 13 ga Nuwamba a birnin Benin, inda Super Eagles suka zura wa Saliyo huɗu ba ko ɗaya, aka tashi huɗu da huɗu.

Mun kawo wannan wasa ne saboda alkawarin 5 ga Oktoba. A Ranar Malamai ta Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da tsarin albashi na musamman ga malamai, da ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, da na aiki daga 35 zuwa 40. Mun yi murna, kuma ta dace. Sai dai sanarwa ce a Abuja, alhali albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. A ƙarshen 2020, kafin alkawarin ya zama doka, jiha ta karɓe shi, ya bayyana a takardar albashin malamar da ke koyarwa a ƙauyen Kurfi, akwai sauran rabin wasa. Wanda ya fara tafi tun kafin a hura usur na ƙarshe, ya tuna Benin.

Saboda haka muna kira da abu uku a sabuwar shekara. Na ɗaya, kowane shugaban makaranta ya ɗauki rajistar Maris ya gwada da ta ranar komawa. Duk sunan da ya ɓace, mu bi shi har gida tare da mai unguwa da ƙungiyar iyaye, kafin talla ko aure ko cirani su raba shi da allo. Na biyu, hukumomi su tabbatar da tsaron makarantu da na hanyoyin da malamai ke bi, ba na kwana kaɗai ba, har da na jeka-ka-dawo. Na uku, kowane ɗan ƙungiya ya halarci taron reshe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma alkawarin da ba a bibiya ba ya kan kwanta.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya tsare mana ɗalibanmu, ya zaunar da Jihar Katsina lafiya.