Suna Ba Gasa Ba Ne



Kwana 7 da haihuwa, mai jego na fama da ciwon jiki da rashin barci, amma an ɗora mata hidimar hol, anko da rabon robobi. Wani maigidan har bashi yake ci, taro ya watse a bar shi da neman kuɗin magani.

A ganinmu, ragon suna, masa, zoɓo da cincin ɗin da dangi suka soya a tsakar gida sun wadatar. Hular da kaka ta saƙa wa jariri ta fi kalandar rabo daraja.

Amare na kwaikwayon abin da suka karanta. Mu rubuta sunan talaka da mutuncinsa, jarumarmu ta yi arba'in babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa don bashi.