Filin Wasanni: Ɗan Kokowa Na Ko-ta-kwana

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ganga ta tashi a Damargu. Daga Tanut har Belbeji samari sun ɗaure ɗamara, kowa yana mafarkin takobi.

A 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa. Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Yau jahohi 8 ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10. Mutum 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya ne.

Bayan goman nan akwai ɗan ko-ta-kwana. Shi ma ya kada maza tun daga ƙauye har Damagaram, amma bai samu shiga sahun farko ba. Da shi manya suke gwada ƙarfi safe da marece. Ya sha kaye, ya karkaɗe ƙasa, ya tashi. Sai wani ya yi targaɗe ko ya kwanta ciwo sannan a tuna da shi. Makaɗa ba su cika yi masa kirari ba. Amma in babu dutsen washi, wuƙa ba ta yin kaifi.

Abin lura shi ne, babbar kyauta ta mai takobi ce, ƙarfi kuma baƙo ne. Saboda haka saurayin da ya bi wannan hanya kada ya saida akuyarsa ko damman geronsa don neman asiri. Ya riƙe gonarsa, ya dawo gida kafin shuka. Ranar da gwiwa ta gaza, rumbu ne zai ci da iyalinsa.