Su Ma 'Yan Poli Ne

A bikin maraba da sababbin ɗalibai da aka yi kwanan baya, kusan duk wanda ya hau dandamali filashi ya miƙa wa mai kunna sauti, ya riƙe makirifo yana motsa baki. Da na tambayi wani abokina mawaƙi me ya hana su haɗa ƙungiya mai kiɗa da hannu, sai ya ce, "Malam, sai da ubangida. Bari dai Allah ya kai mu Legas." Ni fa wannan maganar ban yarda da ita ba, kuma hujjata tana birnin Coventry na Ingila.

A can ne Jerry Dammers da Horace Panter suka haɗu suna ɗaliban zane a Lanchester Polytechnic. E, 'yan poli ne kamar ni da kai. A 1977 suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama The Specials, masu kiɗan ska. Ga wanda bai sani ba, ska kiɗan Jamaika ne mai sauri da bushe-bushe, kuma shi ne ya riga reggae zuwa duniya. Su bakwai ne, biyar fararen fata, biyu baƙaƙe haifaffun Jamaika, a lokacin da 'yan wariyar launin fata ke cin karensu babu babbaka a titunan Birtaniya.

Ba su zauna jiran Landan ba. A 1979 suka ciyo bashi, suka naɗi waƙarsu "Gangsters", suka fitar da ita da sunan kamfaninsu na kansu, 2 Tone. Waƙar ta kai ta shida a jerin waƙoƙin ƙasar. Da babban kamfanin Chrysalis ya zo zawarci, sai suka gindaya sharaɗi: 2 Tone zai ci gaba da rayuwa, har ya riƙa fitar da waƙoƙin wasu ƙungiyoyi. Wanda ya zo da kayansa a hannu ai shi ke yin ciniki.

Abin da ya fi burge ni shi ne garinsu suka waƙe. Coventry garin ƙera motoci ne, masana'antun suna ta sallamar ma'aikata, matasa na zaman kashe wando. Daga irin wannan ƙuncin "Ghost Town" ta fito a 1981, ta hau matsayi na ɗaya ana tsakiyar tarzoma a biranen Ingila. Duk wanda ya taɓa ratsa Kakuri ya ga masaƙun Kaduna a garƙame ya san abin da ake nufi. Amma mawaƙanmu na nan, wanda ko kuɗin handawut bai gama biya ba, sai waƙar Benz da dala.

Kada a ce na ɓoye wani abu: abin bai ɗore ba. A shekarar ta 1981 mutum uku suka ɓalle, kuma da aka sake haɗuwa a 2008 babu Dammers a ciki, shi da ya assasa tafiyar. Saboda haka duk masu shirin haɗa ƙungiya, tun yau ku rubuta wa ke da sunan, yaya za a raba kuɗi, tun kafin kuɗin su zo.

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai kuma, roƙona ƙarami ne. A ware wa masu kiɗa ɗaki ɗaya mai wuta, yamma biyu a mako, su riƙa gwaji. Sannan a bikin makon ɗalibai mai zuwa a ba su ko da rabin sa'a ne daga lokacin masu filashi.