Kwanan daji kusa da Natchez

Natchez ƙaramin birni ne a kudancin Amurka, a bakin kogin Misisipi. Lokacin hutu, iyalai sukan ɗauki tanti su tafi kwanan daji.

Akwai zango a bakin tabki, wajen kilomita 16 daga gari. Yana da lantarki, amma sai an biya kuɗi. A can, kwanan dajin na suna ne kawai: yaro na riƙe da waya har tsakar dare.

Zangon Rocky Springs ya fi nisa, kusan kilomita 90. Kyauta ne, ba lantarki. Shi ya fi dacewa da yara. A nan yaro yakan taya mahaifinsa kafa tanti, ya hura wuta, ya kashe ta da ruwa kafin ya kwanta. Wasu iyaye suna tsoron macizai, kuma suna da gaskiya: takalmi da fitila dole ne.

Da safe sai ya taka zuwa kufai. A da gari ne, inda bayi suka noma auduga. Cutar shawara da ƙwarin auduga suka watsa shi, ƙasa ta zaizaye. Cocin da aka gina a 1837 yana nan tsaye.